Takardar Sallama da Kalmomin Yawon Sidi Bakur

Abin da na fara sani a Madina ƙarar makulli ne. Majid, mutumin da ya ɗauko ni daga filin jirgi, ya shigar da ni wani gida a unguwar Bani Harisa, ya nuna mini katifa da banɗaki da wani tsoho da ke zaune yana kallon bango. Daga nan ya karɓi fasfona ya ce zai je a yi mini iƙama, wato katin zama. Ya fita, ya ja ƙofar ƙarfe, na ji makulli ya juya sau biyu daga waje. Na ce a raina ƙila haka suke yi a nan saboda ɓarayi.

Ni direba ne. Shekara goma sha ɗaya ina jan mota tsakanin Funtuwa da Zariya, kuma da sunan direba ejan ya kawo ni. Da ya ce mini masu gidan Hausawa ne, jikokin alhazan da suka zo tun zamanin tafiyar ƙasa suka zauna, sai na saki jiki gaba ɗaya, ko takardar da na sa wa hannu ban tsaya an karanta mini ba. Ai ɗan'uwa ne, in ji ni da wayona. Sai da na kwana uku na gane babu motar da zan ja. Aikina shi ne wannan tsoho, mahaifin Majid, wanda kowa ke kira Sidi Bakur, don a nan haka ake kiran kaka.

Tsufa ya taɓa masa kai. Larabcin da ya yi rayuwarsa da shi ya zube masa, ya koma Hausar da ya sha a nono da wani yare da babu mai ji a gidan. Masu jinya biyu aka kawo kafin ni, ba sa fahimtarsa, kuma sau biyu yana sulalewa sai an yini ana nema. Shi ya sa aka nemo Bahaushe, shi ya sa kuma ake kulle mu. Majid yana zaune a Aƙiƙ da iyalinsa, kullum bayan Magariba yake kawo abinci. Yana jin Hausa sarai, amma in ka yi masa sai ya mayar maka da Larabci, in ya ga ka yi zuru sai ya jefo kalmar Hausa guda biyu kamar ana cire masa haƙori.

"Baba ba fita. Kai ba fita. Mamnu', fahim?"

Na fahimta, fita ce aka hana. Iƙamar ma da ta fito, a wurinsa ta zauna tare da fasfo.

Da kullen ne kawai da na daure, amma akwai wata takarda a aljihuna. A wajenmu in mutum zai tafi Madina ba tsaraba ake fara roƙonsa ba, sallama ake ba shi ya kai wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mahaifiyata, Inna, idonta ya tafi shekara huɗu ke nan, ba ta taɓa sauke farali ba, ta kuma san ba za ta zo ba. Sau uku ina neman tafiya waje tana hanawa, ran da ta ji Madina ce ta ce in tashi. Ta sa ƙanwata Hauwa ta ɗauko takarda, maƙwabta suka yi ta shigowa, har da mai nikan unguwa da tsohon da muke faɗa da shi kan kwata. Suna arba'in da uku, nata a sama. Ta ce ba ta son atamfa ba ta son dabino, in je in tsaya in ambaci sunanta, shi ke nan na biya ta.

A mako na farko ta kira ta wayar Hauwa, ko gaisawa ba mu gama ba ta tambaya ko na isar. Na dubi ƙofar ƙarfen nan. Na tuna yadda aka rako ni kamar ango. Bakina ya ce na isar, Inna. Sai na ji tana kuka tana sa mini albarka, albarkar da ban ci ba.

Ƙaryar ba ta tsaya nan ba. Duk kira sai ta ce in ba ta labarin wurin. A ɗakin Sidi akwai talabijin da ke nuna Harami dare da rana, daga nan nake kwaso mata launin kafet da manyan laimomin nan da ke buɗewa da safe. Da ta tambayi ƙamshi sai na ƙirƙiro. Harami kuwa bai fi tafiyar minti goma a mota daga inda nake ba. Na roƙi Majid ya fi a ƙirga, amsarsa ɗaya ce, bukra, wato gobe, akwai zahma, Baba ba ya son cunkoso. Ran Juma'a yakan kai mu masallacin unguwa a mota ya dawo da mu kamar kayan aro. Na tsani kaina a watannin nan fiye da yadda na tsani Majid, kuma na tsane shi ba kaɗan ba.

Kullum in an yi La'asar sai Sidi ya tashi ya sa takalmi, ya gyara hula, ya shafa turare, ya je ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Vamos a pasear." Da fari na ɗauka surutan tsufa ne, har nakan yi masa tofi. 'Yarsa Amal, wadda ke zuwa ran Talata ta wanke masa kaya, ita ta warware mini. Ita tana yin Hausa, ko da yake takan karye a tsakiya ta ƙarasa da Larabci. Ta ce shekara goma sha tara ya yi a Sifaniya yana yi wa wani attajirin Jidda girki a gidansa na bakin teku, kuma can mutane in rana ta yi sanyi sai kowa ya yi ado ya fito ya taka a hankali, ba don zuwa ko'ina ba. Abin da yake cewa shi ne mu je mu sha iska.

Iskar da muke da ita ta tsakar gida ce, taku goma sha huɗu a tsaye, shida a kwance, da tankin ruwa da mataccen injin wanki a kusurwa. Na kama hannunsa muka fara kai da kawowa. A zagaye na uku ya tsaya ya harare ni.

"Ya waladi, wannan ba pasear ba ne. Wa ya koya maka?"

Na ce babu wanda ya koya mini, ni ko sunan yaren sai jiya na ji. Ranar aka buɗe makaranta. Mutumin da ba ya tuna ko ya ci abinci, wanda yakan kira ni da sunan ƙaninsa da ya rasu tun kafin a haife ni, in aka zo kan kalmomin yawo sai ya koma malami mai bulala. Ya sa na samo littafi, shi ya rubuta mini da hannunsa mai rawa.

Pasear, in ji shi, na mai gida ne. Ka ci ka ƙoshi, ka yi wanka, ka fita don ranka ya so, kuma ka san ƙofar da za ka komo. Ana cewa pasear por la playa, shan iska a bakin teku, kuma wannan por ɗin yana bin yawancinsu kamar jela. Abin da muke yi a tsakar gida kuwa deambular ne, tafiyar marar lafiya a barandar asibiti, ƙafa na motsi amma babu inda ta nufa. Na ce mu ma muna da ita, watangaririya. Ya yi dariya har da tari, ya ce rabonsa da jin kalmar tun uwarsa na da rai.

Daga nan abin ya zama ciniki, ya ba ni ɗaya in ba shi ɗaya. Ya ba ni callejear, ana furta ta kamar kayehiyar, bin lungu-lungu don son ganin gari, na ba shi gantali, ya ce a'a, tawa da zagi a ciki, tasa babu. Muka yi kwana biyu muna musu a kan wannan. Ya ba ni merodear, kewaya gidan mutane da mugun nufi, irin ta ɓarawo ko kare, ya gargaɗe ni kada in kuskura in faɗe ta a kaina a gaban ɗan sanda. Na ce Sidi, ni da ko ɗan sandan ba na gani. Recorrer kuma ta mai himma ce, ka bi gari kaf ba ka bar ko'ina ba, ita ba ta son por, kai tsaye ake cewa recorrer la ciudad. In na manna mata por don tsokana sai ya buge mini hannu da carbi.

Akwai ɗaya da ba ya son dadewa a kanta, vagar. Ya ce ta wanda ba shi da wurin komawa ce, vagar por el mundo, ragaita a duniya. Ya ce kakansa ya yi ta shekara tara daga ƙasar Katsina zuwa bakin Bahar Maliya, yana noma a gonakin mutane a Sudan, amma shi ba za a ce ya yi vagar ba tunda ya san inda ya nufa. Na tambaye shi ni fa, wacce nake yi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce ni ba na yin ko ɗaya, ajiye ni aka yi.

Maganar ta zauna mini a ƙirji. Ni da na san kowane rami tsakanin Funtuwa da Giwa, ga ni na haddace kalmomi shida na yawo cikin yaren ƙasar da ban taɓa gani ba, a fili mai taku goma sha huɗu. Nakan yi kewar hayaniyar tasha, da ƙosan Larai mai zafi a takarda, har da fasinjan da ke rigima kan canji. Mutum ɗaya nake gani daga waje ban da 'yan gidan, wani ɗan Bangaladash mai kawo kaya daga kantin unguwa. Ta ƙaramar tagar ƙofa yake miƙowa, wani lokaci ya haɗo da nono mai sanyi wanda ba a saya ba, ya ce, "Najeriya, kwayyis?" In ce kwayyis, wato lafiya lau. Ban taɓa ganin fuskarsa gaba ɗaya ba.

A wata na bakwai Hauwa ta gaya mini a ɓoye cewa jikin Inna ya yi nauyi, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya fita tsakar gida. Ranar Talata ce. Da aka ba Inna wayar sai ta ce in sake ba ta labarin ranar da na isar da sallamarta, don shi ke sa ta barci. Na ba ta, idona a kan talabijin. Ban san Amal na tsaye a bayana da kwandon wanki ba. Sai da ta gama shanya, ta sa abayarta, sannan ta zo inda nake.

"Ya Habibu, Majid ya tafi Yanbu, sai bukra da dare." Ta ajiye makulli a kan firij. "Ni na manta wannan. Ka riƙe hannunsa, amana, kada ka sake shi ko daƙiƙa."

Da aka yi La'asar Sidi ya sa takalmi ya shafa turare ya tsaya a inda ya saba, ya ce vamos a pasear. Na buɗe ƙofa. Ya daɗe yana kallon titi, sannan ya gyara hula ya fita kamar jiya ma ya fita.

Ya ce ya san hanya, ni kuma da wautata na bi mutumin da ba ya gane banɗakin gidansa. Madinar da ke kansa ta gonakin dabino ce da lunguna, wadda ke gabanmu kuwa ta gadoji da otal-otal. Muka shiga nan muka fita can, sau biyu muna wuce wani shagon gyaran taya. Babu iƙama a jikina, duk motar da na hango da fitila a kai sai in kau da fuska. Sidi kuwa ko a jikinsa, har yana sanar da ni cewa yanzu callejear muke yi, in lura da bambanci. Na ce Sidi, wallahi wannan gararamba ce tsantsa.

Wani dattijo mai ɗaukar fasinja da motar gida ya ji muna musu da Hausa ya taka birki. Hausar Sudan ce a bakinsa. Ya tambayi inda za mu, na ce Harami, ya ce mu shiga. Ya sauke mu a inda motoci ke tsayawa, na miƙa kuɗi ya ture hannuna, ya ce in sa shi a addu'a.

Ba zan ba da labarin abin da na ji da na taka farfajiyar nan ba, na riga na ɓata labarin da ƙarya, ba ni da bakin maimaita shi. Muka bi ta gefen gabas, Sidi na jana. Sai ga koriyar ƙubba a gabana, kusa, ba ta cikin gilashi ba. Na tambayi wani mai shara ƙofar da ake shiga a yi sallama, ya nuna mini da hannu cewa sai na zagaya ta ɗaya gefen. Tafiyar minti biyar ce, ko ƙasa da haka.

A nan Sidi ya tsaya cak. Ya dubi dutsen da ke ƙarƙashin ƙafarsa, ya dubi katangar maƙabartar Baƙi'a, ya ɗan matsa taku uku, ya zauna dirshan a ƙasa. Ya ce mun iso gida. Nan ne ɗakin uwarsa, can rijiya, nan kuma matakalar soro. An rushe unguwar tun da daɗewa aka shimfiɗa farfajiya a kai, amma shi yana ganin komai.

Na lallashe shi. Na yi masa Hausa, na yi masa guntun Larabcina, har vamos a pasear na ce masa, ya ce ai an gama, wanda ya komo gida ba ya pasear. Na gwada ɗaga shi ya ƙwalla ƙara, mutane suka juyo. Wani bawan Allah ya matso zai taimaka, Sidi ya ƙanƙame wuyan hannuna yana rawar jiki. Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin ɓamɓare yatsunsa in ruga. Minti goma sha biyar sun ishe ni. Na kuma san in na dawo ba lallai in same shi ba, cikin dubban mutane masu fararen kaya, ga amanar Amal, ga shi ko sunansa ba kullum yake tunawa ba. Wata bakwai ina zargin ƙofar ƙarfe, yau ga ni a fili mafi faɗi da na taɓa gani, kuma ko taku ɗaya ba zan iya yi ba. Don haushi na zauna kusa da shi ina hawaye kamar ƙaramin yaro.

Ya dube ni da idon nan nasa na lokacin darasi, ya tambayi abin da aka yi mini. Na fito da takardar, ta yi laushi don ninki, na gaya masa komai har da ƙaryar.

"To mene ne? Uwata daga kan soron nan take yi kowace safiya, in aiki ya hana ta shiga. Tashi ka fuskanci can. Ka yi da ladabi, kada ka ɗaga murya."

Na tashi tsaye, hannuna na hagu a cikin nasa. Ban sani ba ko malamai za su ce ta isar, ban kuma tambaya ba har yau. Na fara daga na biyu, ina cewa Assalamu alaika ya Rasulallah daga wane, daga wance, har mai nika, har tsohon kwata. Wani askari ya nufo mu, na ce tawa ta ƙare, amma da ya ga tsohon a zaune sai ya ce mu hanzarta kawai ya wuce. Da na gama arba'in da biyu na kira Hauwa na ce ta kai wa Inna.

Na ce, "Inna, ƙarya na yi miki. Ban taɓa zuwa ba sai yau, yau ɗin ma ban samu shiga ba, ina waje ina kallon ƙubba."

Na ƙara manna wayar a kunne. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Tambaya ta yi, ko daga inda nake babu abin da ya tare tsakanina da wurin. Na ce babu.

"To juya wayar can. Ni zan yi da bakina."

Na miƙa hannu sama-sama, wayar na fuskantar ƙubba. Muryarta ta fito siririya cikin hayaniyar mutane da kukan tattabaru, ta yi sallama, ta faɗi sunanta da na ubanta da na garinsu, kamar baƙuwar da ta tsaya a zaure. Ta daɗe tana magana, wasu ban ji ba, ban kuma kai kunne ba don ba da ni take ba. Sidi na zaune a ɗakin uwarsa yana cewa amin.

Da aka kira Magariba muka yi salla a nan inda muke, bayan an idar ya miƙe da kansa ya ce yana jin yunwa.

Majid ya ji labari, wani maƙwabci ya gan mu. Ya zo yana zuba Larabci kamar famfo ya fashe, na gane kalmar shurɗa da kalmar tarhil, wato 'yan sanda da kora gida. Na so ya kore ni ɗin, amma ina zai samo wani mai jin Hausar Sidi? Kashegari aka canza makulli, aka ƙara kwaɗo a sama, Amal kuma ba ta ƙara zuwa ita kaɗai ba. Inna ta rasu bayan kwana ashirin da shida. A tsakar gidan nan na karɓi gaisuwa ta waya, tsakanin tanki da injin wanki. Hauwa ta ce har ta cika ba ta sake neman a ba ta labarin Madina ba, ita ce ma ke ba masu zuwa dubiya.

Saura wata goma sha ɗaya a kwantiragina. Sidi ya manta mun taɓa fita, amma bai manta darasi ba, kullum La'asar sai ya sa turare mu yi ta deambular yana gyara mini furuci. Takardar tana cikin littafin, tsakanin merodear da recorrer. Rannan na buɗe ina bin sunayen da yatsa, sai na ga abin da ya rage. Na kai ta mai nika, na kai ta mutumin da ba ma ga maciji da shi, Inna ta kai tata. Hauwa ba ta rubuta sunana ba, don wa zai rubuta sunan mai tafiya, ni kuma abin da ke takarda kawai na karanta. Na tsaya a gaban ƙubbar nan kusan awa guda, ban yi tawa sallamar ba.

Na ɗauki biron Sidi na rubuta Habibu a ƙasa, na arba'in da huɗu.